Lambun Nuni da Cutar Mantuwa: Daga Landan Zuwa Mainika

Lambun nuni fili ne da ake shiryawa musamman, a dasa masa itatuwa da ganyaye, a fitar masa da hanyoyi da wuraren zama, domin jama'a su shigo su gani da idonsu su ɗauki darasin da za su koma gida da shi. Inda wannan al'ada ta fi shahara shi ne bikin baje kolin furanni na Chelsea da ke birnin Landan, wanda Ƙungiyar Masu Lambu ta Masarautar Birtaniya take shiryawa a watan Mayu tun daga 1913, inda gwanayen tsara lambu suke gasa da juna, ƙungiyoyin agaji kuma suke amfani da cunkoson 'yan kallo da 'yan jarida wajen tallata matsalar da suke yaƙi da ita. A bikin 2023 wata ƙungiya mai suna National Brain Appeal ta nuna lambun da Charlie Hawkes ya tsara domin masu fama da nau'o'in cutar mantuwa da ba a cika samu ba, musamman nau'in da yake fara taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, wanda yake sa mutum ya kasa fahimtar abin da yake kallo alhali idonsa ƙalau. An yi wa lambun hanya shimfiɗaɗɗiya marar tudu da kwari, aka shafa wa kujerunsa launi mai haske da ya fita daban da koren ganye, ya sami lambar zinariya, bayan an tashi daga biki kuma aka kwashe shi zuwa lambun Exbury a kudancin Ingila domin ya ci gaba da amfani.

Cutar mantuwa, wadda likitoci suke kira dimenshiya, suna ne da ya tattaro cututtuka da dama da suke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa riƙe sabon abu a ransa, ya riƙa rikita lokaci da wuri, kalmomi su riƙa kuɓuce masa, daga bisani ya gaza yi wa kansa abubuwan da ya saba tun yana yaro, kamar alwala da sa tufafi da cin abinci. Mafi yawa a cikinsu ita ce wadda aka sa wa sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana ta a gaban taron likitoci a 1906, kuma ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu cutar. Mai bi mata ita ce wadda toshewa ko fashewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa take haifarwa, kuma wannan ta fi shafar ƙasar Hausa kai tsaye, domin abokiyar tafiyar hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da cutar, sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma ana samun sababbin masu kamuwa kusan miliyan 10 a kowace shekara.

A Nijeriya, binciken da ya fi daɗewa shi ne wanda aka fara a 1992 tsakanin Jami'ar Ibadan da Jami'ar Indiyana ta Amurka, wanda Adesola Ogunniyi da Hugh Hendrie suke cikin jagororinsa, inda aka gwada tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis masu shekara 65 zuwa sama, aka sami cutar a kimanin kashi 2 cikin 100 na mutanen Ibadan da kimanin kashi 8 na takwarorinsu na Amurka. Wani binciken da likitocin Zariya suka buga a 2011 ya sami kusan kashi 3 cikin 100 a tsakanin tsofaffin da aka duba a can. Waɗannan alƙaluma ƙanana ne a ido, amma wanda ya auna su da yawan jama'a zai ga cewa ba wasa ba ne, tunda ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo da ke yammacin Kano sama da mutum 180,000, maƙwabciyarta Kabo kuma sama da 150,000, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, masu kaiwa shekarun tsufa ma haka.

A Mainika, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwarzo, da sauran garuruwan noma na wannan sashe na yammacin Kano, tsoho ba ya barin gidansa ya koma gidan kula da tsofaffi irin na Turai. Yana nan cikin iyalinsa har ƙarshen ransa, kuma wannan abin alfahari ne da ya dace a riƙe. Sai dai nauyin jinyar yakan faɗa kan mace ɗaya, matarsa ko 'yarsa ko surukarsa, musamman da rani idan majiya ƙarfi sun tafi cin rani birni, kuma da wuya a sami wanda ya taɓa yi mata bayanin abin da take fuskanta. Idan tsoho ya fara tambayar abu ɗaya sau goma, ko ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu ya wanke hannu, sai a ce gigin tsufa ne, a ɗauka haka kowane tsufa yake, alhali mafi yawan tsofaffi suna komawa ga Allah da hankalinsu. Idan abin ya yi nisa ya fara fita yana ɓata a hanyar gona, wasu sukan kulle shi a ɗaki saboda tsoro da rashin dabara, ba don ƙiyayya ba. Mafi muni shi ne halin da tsohuwa kan shiga idan aka tsince ta da dare a unguwar da ba a san ta ba tana sambatu, domin a nan ne zargin maita yake tasowa, kuma maganar da ruɗewa ta sa ta faɗa ita ake ɗauka a matsayin amsa laifi. Wayar da kan da ake nema a wannan yanki ita ce a san cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda yanar ido take ciwon ido, kuma akwai hanyar zama da mai shi ba tare da kulle ko tsangwama ba.

Tsarin fili

Wanda zai tsara lambun nuni a Mainika ba ya buƙatar kwaikwayon furannin Landan, domin gidan Bahaushe na gargajiya ya riga ya ƙunshi yawancin abin da masana suke nema. Katanga ko darni ya kewaye shi, ƙofar fita ɗaya ce ta zaure inda da wuya a rasa mai zama, tsakar gida a buɗe take ga iska da haske, akwai bishiya da rumfa da randa, kuma mai girki tana iya ganin kusan ko'ina daga bakin murhu. Saboda haka lambun da zai fi isar da saƙo shi ne wanda aka gina shi da siffar tsakar gida, ta yadda duk wanda ya shiga zai ga kamar gidansu, ya kuma lura da 'yan gyare-gyaren da aka yi masa.

Gyara na farko shi ne hanya. Mai cutar mantuwa yakan so tafiya, wani lokaci na tsawon sa'o'i, kuma idan hanya ta kai shi ga bango ko lungu ko mararraba sai ya tsaya cikin damuwa, domin zaɓi da juyowa suna buƙatar tunanin da ya yi masa rauni. Don haka ake yin hanyar a zagaye, ta fara daga bakin rumfa ta kewaye shukoki ta dawo inda ta fara, da faɗin da mutum biyu za su jera ko keken guragu ya wuce, kuma daga ko'ina a kanta ana hango rumfar. Daɓen gargajiya na ƙasa da tsakuwa da ake shafe shi da makuba ya fi tayil mai sheƙi dacewa, domin ƙwaƙwalwar da ta raunana takan ɗauki sheƙi a matsayin ruwa, baƙin wuri a ƙasa kuma a matsayin rami, har tsoho ya ƙi taka baƙar shimfiɗa ko ya ɗaga ƙafa sama zai tsallake inuwar sanda. Wannan dalili ne ya sa rumfar da aka rufe da zana ruf ta fi wadda aka jera wa kara jefi-jefi, tunda ta biyun tana zana layukan haske da duhu a ƙasa waɗanda suke kama da matakala. Magudanar ruwa kuwa a rufe ta, rijiya a yi mata baki mai tsayi da murfi mai kwaɗo, dutsen da ake ajiyewa a tsakar gida da turken akuya a kau da su daga hanya, domin karayar ƙugu ga tsoho sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi.

Launi ma aiki yake yi. Abin da ake so tsoho ya gani, kamar ƙofar makewayi da kujera da randa, sai a ba shi launin da ya fita daban da na bango da ƙasa, a ajiye buta a bakin makewayin domin ita ce alamar da ya sani tun kafin a san rubutu a allon ƙofa. Sau da yawa abin da iyali suke kuka da shi na fitsari a kwance ko a lungu, a farkon cutar, rashin gane hanyar makewayi ne cikin lokaci. Abin da ba a so ya ja hankalinsa kuma, kamar ƙofar da ta fita titi, sai a bar ta da launin bango, a dasa wani abu a gefenta da zai janye ido. Wurin zama ya kasance mai tudu da majingina da abin dafawa, domin tashi daga tabarma yana wahalar da mai ciwon gwiwa, kuma a jera irinsa a kan hanyar ta yadda daga wannan ana ganin na gaba.

Abin dasawa da abin tumɓukewa

Inuwa ce gaba da komai a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, ga kuma mai cutar da yakan manta da shan ruwa ko ya kasa faɗin cewa yana jin ƙishirwa. Darbejiya tana ba da inuwa kusan duk shekara kuma tana jure fari, sai dai a riƙa share 'ya'yanta daga hanya saboda santsi. Mangwaro yana da inuwa mai sanyi amma bai kamata kujera ta kasance daidai inda 'ya'yansa suke faɗowa ba. Gawo, duk da albarkarsa a gona, yana da ƙaya kuma yana kaɗe ganye da damina, don haka ba bishiyar zama ba ce. Tsamiya da kuka kuwa, ko da yake amfaninsu ba ya ƙirguwa, mutane da yawa sun taso da jin cewa matattarar aljanu ce, kuma lambun da aka yi domin a raba cutar da zancen iskoki bai kamata ya zaunar da tsoho mai gane-gane a gindinsu ba.

Littattafan Turai suna yawan maganar ƙamshi, kuma gaskiya ne furen lalle da ɗaɗɗoya da na'ana'a da ganyen lemun tsami suna iya tayar da tunanin da ya daɗe a kwance. Amma jin ƙamshi yana cikin abubuwan da suke fara raguwa a cutar Alzheimer, saboda haka abin da hannu zai taɓa ya yi aiki da shi ya fi abin shaƙa muhimmanci. Ƙwaƙwalwa tana ajiye ƙwarewar hannu a wani sashe daban da wanda yake riƙe sunaye da labarin jiya, kuma wannan sashe yakan daɗe bai lalace ba. Shi ya sa manomin da ya manta sunan jikansa, idan aka miƙa masa ƙaramar fartanya a gaban komin kuɓewa, zai cire ciyawa ya bar shuka ba tare da kuskure ba, tsohuwar da ba ta san yau wace rana ba kuma za ta zauna da faifai ta tsince wake ko ta ɓare gyaɗa ko ta zage zogale tsaf kamar yadda ta saba. Komayen yakuwa da rama da kuɓewa da gyaɗa, waɗanda aka ɗaga su zuwa tsayin ƙugu domin a huta da sunkuyo, da 'yan kaji ko tantabaru da za a watsa wa tsaba, sun fi kowane fure daraja a irin wannan wuri, domin suna mayar wa mutum da matsayinsa na mai amfani a gida. Lauje da adda da gatari dai a ɗauke su.

Akwai kuma tsirran da dole a tumɓuke, kuma abin lura shi ne da yawansu su ne aka saba yin shinge da su a gonakin Kano. Aguwa da tinya suna da farin ruwa mai ƙona ido da fata, 'ya'yan bini-da-zugu suna kama da abin ci amma suna sa amai da gudawa mai tsanani, ƙwayar zurma guba ce, tumfafiya tana da nata ruwan mai cutarwa, zaƙami kuma yana gusar da hankalin mai lafiya ma balle wanda ya riga ya ruɗe. Tunda mai cutar yana iya kai kowane abu baki idan ta yi nisa, ƙa'idar ita ce kada a bar wani tsiro a filin sai wanda ko an tauna shi ba zai yi lahani ba, kuma shingen zogale ko na lalle da ake aske wa ƙaya ko darnin kara ya wadatar. Haɗarin da ya fi waɗannan kusa a gidan manomi shi ne maganin feshi da na ɓera da na ajiyar wake, musamman idan an juye su a robar lemo, kuma lambun nuni da bai nuna akwatin da ake kulle su ba ya bar babban darasi a baya.

Lokacin da tsarin fili ya fi nuna amfaninsa shi ne daga la'asar sakaliya zuwa magariba, domin masu cutar da yawa sukan rikice a wannan lokaci, su tashi tsaye suna neman tafiya gida alhali suna cikin gidansu, ko su ce za su je su koro dabbobin da aka sayar shekaru da suka wuce. Gardama ba ta magani, domin wanda yake neman mahaifiyarsa, idan aka ce masa ta rasu tuntuni, yakan ji labarin kamar yau ya fara jin sa. Abin da ake koya wa mai jinya shi ne ta miƙe tare da shi ta ce, "Baba, mu fara zagawa mu duba kuɓewar nan tukuna, sai mu wuce," su bi hanyar a hankali, su tsaya ya sha ruwa a randa, su dawo rumfa a daidai lokacin da ladan yake kiran salla. Kiran salla da karatun da aka haddace tun ƙuruciya suna cikin abubuwan da suke daɗewa a zuciya, don haka ya dace a keɓe wuri mai tsabta da shimfiɗa da ke fuskantar alƙibla. Idan ya ƙara raka'a ko ya rage, ko ya maimaita sallar da ya riga ya yi, malamai sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na tsufa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya kuma yi umarni da tausasa wa iyaye idan sun tsufa a Suratul Isra'i. Limamin da ya faɗi wannan a huɗuba ya sauke wa iyalai da yawa nauyin kunya.

Inda za a kafa shi

Lambun nuni ba shi da amfani idan babu 'yan kallo, saboda haka wurinsa shi ne inda ƙafa take yawa, kamar harabar babban asibitin Gwarzo ko ta ƙaramin asibitin gari ko kusa da kasuwa, kuma a ware ranakun da matan aure na makarantun Islamiyya za su zo su kaɗai, tunda su ne masu jinyar. Ranar 21 ga Satumba, wadda aka keɓe a duniya domin cutar tun 1994, tana faɗowa a ƙarshen damina lokacin da shuka take kore shar, kuma ta dace da taron da za a gayyato hakimi da dagatai da masu unguwanni da limamai. A ƙarƙashin rumfar ya kamata a sami ma'aikacin lafiya da abin awon jini, domin kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na cutar yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, daga cikinsu akwai hawan jini da ciwon suga da shan taba da raunin ji da raunin gani da ba a yi wa magani ba da buguwar kai da kaɗaici da ƙarancin ilimi a ƙuruciya. A yankin da babur ne abin hawan kowa, maganar buguwar kai da hular kwano ta shafi samari kafin tsofaffi.

Ma'aikacin zai kuma koyar da bambancin da yake ceton rai. Cutar mantuwa tana shigowa ne a hankali cikin watanni da shekaru, amma tsohon da yake lafiya jiya ya wayi gari yau a ruɗe, wataƙila zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon sanyin mafitsara ko ƙarancin ruwa a jiki ko faɗuwar suga ko shanyewar jiki, kuma wannan asibiti yake buƙata a ranar. Ko mantuwar da ta daɗe ma tana iya zama ta baƙin ciki mai tsanani ko ƙarancin wani sinadari a jiki, waɗanda suke jin magani, don haka ake tura mutum ga ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kafin a yanke hukunci.

Lambu ba ya warkar da cutar, kuma har yanzu babu maganin da yake warkar da ita, sai waɗanda suke sassauta alamominta ko rage saurin ci gabanta na ɗan lokaci. Masana na Jami'ar Exeter da suka tattara binciken da aka yi kan lambuna a gidajen kula da masu cutar sun bayyana a 2014 cewa akwai alamun zama a lambu yana rage tashin hankali, amma hujjar ba ta yi ƙarfin da za a kafa doka a kanta ba, kuma bai kamata a yi wa iyali alkawarin da ya wuce haka ba. Haka nan lambun Chelsea na 'yan kwanaki ne kuma ana kashe masa kuɗi mai yawa, shi ya sa masu ɗaukar nauyin lambunan ƙungiyoyin agaji suke sharɗanta a mayar da su wani wuri na dindindin bayan biki. A Mainika matsalar ruwa ce za ta yanke hukunci, domin abin da aka dasa a watan Yuli ba tare da rijiya da mai ban ruwa ba zai bushe kafin Maris, don haka tsarin ya kamata ya fara daga lissafin bazara. Abin da ake buƙata daga ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo shi ne fili a harabar asibiti, da ruwan da ba ya yankewa da rani, da ma'aikacin lafiya da aka horar kan cutar. Dashe da daɓe da darni kuwa aikin gayya ne da mutanen Mainika suka iya tun kaka da kakanni.